Sidar Mulanje: Yadda Itacen da Gara Ba Ta Ci Ya Ƙare a Kan Dutsensa

Duk wanda ya taɓa yin rufin gida a Kaduna ya san ba kuɗin kwano kaɗai ke hana mai gini barci ba, har da gara. Za ka sayi katako a Panteka, kafinta ya shafe shi da baƙin mai ko maganin ƙwari, bayan 'yan damuna ka ga gari na zubowa daga silin. Shi ya sa in aka ce ga katakon da gara ba ta ci, ruwa kuma ba ya ruɓar da shi, ba a tsayawa dogon ciniki. A kudancin ƙasar Malawi akwai itace mai wannan baiwa, kuma baiwar ce ta jawo masa abin da ya same shi. A 2017 masu bincike suka karaɗe dutsen Mulanje, wuri guda tak da Allah Ya ajiye wannan itace a faɗin duniya, suna ƙidayar manyan da suka isa ba da iri. Bakwai suka samu. Da aka koma a 2018, ba ko ɗaya a tsaye.

Itacen shi ne sidar Mulanje, wanda masana tsirrai ke kira Widdringtonia whytei, mutanen yankin kuma su ce mkungudza. Shi ne itacen ƙasa na Malawi tun 1984, lokacin da Shugaba Hastings Kamuzu Banda ya ba shi wannan matsayi. Abin da nake so mu warware shi ne yadda itacen da gwamnati ta ɗaukaka haka, wanda ke cikin gandun daji mai doka tun 1927, ya ƙare a gaban idon masu gadinsa. Gatari na cikin amsar, amma ba shi kaɗai ba ne.

Mu fara da irin itacen. Kusan duk itatuwan da muka tashi muka gani, ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da mangwaro, fure suke yi, furen ya zama ɗa, iri kuma ya ɓuya a cikin ɗan. Akwai wani rukuni da ya girme su nesa ba kusa ba a doron ƙasa, wanda ba ya fure sam. Irinsa a tsirara yake zaune a tsakanin ɓawon wani ƙwanso, kuma iska ce ke ɗaukar garin namiji ta kai wa ƙwanson mace, ba sai ƙudan zuma ya zo ba. Masana na ce musu konifa. Mutumin Kaduna ya san su ko da bai san sunan ba: itatuwan fayin masu siraran ganye da aka dasa a gandun dajin Afaka, ta wajen Mando, 'yan wannan rukuni ne, sai dai baƙi ne, daga yankin Karibiyan da tsakiyar Amurka aka kawo irinsu. Kudu da Sahara babu fayin ɗan asali ko ɗaya. 'Yan konifar da Afirka mai zafi ta mallaka na kanta kaɗan ne ƙwarai, kuma kusan dukansu a kan tsaunuka suka maƙale, inda akwai sanyi da laima.

Itacen Mulanje ɗaya ne daga cikinsu. Ko da yake ana ce masa sida, wato al'ul, ba ɗan'uwan al'ul ɗin Labanan ba ne na kusa. Ƙamshin katakon ne ya sa Turawa suka laƙaba masa sunan. Zuriyarsa ta Widdringtonia jinsi huɗu ce kacal, duka a kudancin Afirka: biyu a tsaunukan Afirka ta Kudu kaɗai, ɗaya ya bazu daga can har Malawi, sai wannan na Mulanje. Wani ɗan Sikotland mai suna Alexander Whyte ne ya hau dutsen a farkon shekarun 1890 ya ɗebo samfurinsa, masanin tsirrai Alfred Rendle ya bayyana shi a rubuce a 1894, ya sa masa sunan Whyte.

Idan ya samu rai da lafiya yakan kai mita 40, wani ma ya haura, kaurin gangar jikinsa ya wuce mita ɗaya. Gangar takan miƙe sambal, babu reshe har nesa, sannan ta buɗe a sama. Ɓawonsa kauri gare shi da laushi, mai tsage-tsage, tsofaffi kuma wani farin gansakuka ke rataye a rassansu. Ganyensa iri biyu ne a rayuwarsa. Yana ƙarami ganyen siriri ne mai tsini, kamar santimita biyu. In ya girma sai ya sauya zuwa 'yan mitsi-mitsin ganye masu kwanciya a jikin reshe bibbiyu, wani kan wani, har reshen ya yi kama da kitson da aka ja aka matse. Wannan tsari na rage ruwan da itacen ke asara a lokacin rani da iskar tsauni. Itace guda ke ɗauke da namiji da mace. Ƙwanson macen ɗan dunƙule ne, bai wuce santimita biyu ba, mai ɓawo huɗu, in ya nuna ya buɗe ya saki iri masu ɗan fiffike iska ta kwashe.

Dutsen kansa abin kallo ne. Mulanje dunƙulen dutse ne mai faɗin da ya haura murabba'in kilomita 600, ya taso tsaye daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kusa da iyakar Mozambik, gonakin shayi sun kewaye gindinsa. Ƙololuwarsa, Sapitwa, mita 3,002 ce. Sidar ba ta sauka ƙasa, ba ta kuma kai can ƙoli. Tsakanin mita 1,800 zuwa 2,550 take zaune, a kwaruruka da kwazazzabai da gindin duwatsu na tuddan Lichenya da Chambe da Thuchila da Sombani. Don mu gane nisan, birnin Kaduna na kan mita 600 ne ko kusa da haka, tsaunukan Shere na Jos kuma, waɗanda muke ganin sun kai maƙura, sun tsaya a mita 1,829. Wato inda Shere ya ƙare, nan sidar ta fara.

Daminarsu kishiyar tamu ce, daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma ruwan da ke sauka a saman dutsen ya ninka na Kaduna sau biyu ko fiye. Amma sirrin wurin yana cikin raninsa. Daga Mayu zuwa Agusta iska mai sanyi da laima kan taso daga tekun Indiya ta kudu maso gabas, ta bugi dutsen, ta lulluɓe shi da gajimare da yayyafi na kwanaki. Chiperoni suke ce mata, da sunan wani dutse na Mozambik da take fitowa ta wajensa. Rassan itatuwa na tare wannan laima su ɗiga ta ƙasa, shi ya sa ƙoramu irin su Ruo da Likhubula ba sa ƙafewa, kuma da su dubban ɗaruruwan mutanen ƙasa ke sha suke ban-ruwa. Ana yi wa Mulanje kirari da tsibiri a sararin sama, kuma kirarin gaskiya ne ta fuskar itacen: ƙasan dutsen ya yi masa zafi, babu wani tsauni mai irin wannan yanayi a kusa da irinsa zai tashi ya faɗa. In ya ƙare a nan, ba shi da wani gida da zai dawo daga can.

Yanzu ga inda maganar ta fi sarƙaƙiya, wato dangantakarsa da wuta. Ɗan sida ba ya jure inuwa. Irin da ya faɗi a gindin uwarsa, a cikin kurmi mai duhu, ko ya tsiro ba ya zuwa ko'ina. Yana bukatar fili a buɗe, ƙasa a share, rana na dukansa. A tsarin halitta wuta ce ke samar masa da wannan. Gobara takan taso daga ciyawar tudu, sau da yawa tsawa ce ke kunna ta, ta cinye gefen kurmi ta bar toka. Tsofaffin itatuwa, da yake ɓawonsu na da kauri, wasu kan tsira su zubar da iri a kan tokar. 'Ya'yan su taso tare da ƙananan sarƙaƙƙiyar tsauni da ke kare su daga iska da jaura, su yi ta tsawo har su zarce kowa. A ƙarƙashinsu sai itatuwa masu faɗin ganye su shigo su rufe ƙasa da inuwa. Daga nan ƙofa ta rufe ga sabbin 'ya'yan sida a wannan wuri, sai wata wutar ta sake zuwa.

To amma wutar da yake so ba ta kullum ba ce. Ta ƙarni ɗaya ce ko fiye. Ƙaramin sida ɓawonsa siriri ne, jikinsa cike da mai, wuta kaɗan ta ishe shi. Kuma in ya ƙone ya ƙone ke nan, ba ya tohowa daga kututture. Wannan shi ne babban bambancinsa da itatuwanmu na nan. Mu da muke ganin dajin hanyar Kachia ko ta Birnin Gwari na ci da wuta kowane Disamba, mu ga kuma doka da taura da kalgo sun sake fitar da ganye kafin ruwan fari, ba za mu yi saurin gane haɗarin ba, domin namu sun saba, rayuwarsu na ajiye a cikin saiwa. Sida ba shi da wannan ajiya. Da iri kaɗai yake haihuwa. Idan aka daina wuta ɗungum, inuwa ta hana shi gado. Idan wuta ta zama ta kowace shekara, 'ya'yan su mutu kafin su kai ga ba da iri. Yana rayuwa ne a ɗan siririn tsakani, kuma mutum ya rushe tsakanin. Mafarauta na cinna wa ciyawa wuta don koro nama, masu yankan katako na barin wutar girkinsu, masu gawayi na tasu, har gobara ta zama abin kowane rani a kan dutsen.

Akwai kuma wani ruɗani da ya daɗe yana ɓoye girman matsalar. Ɗan'uwansa Widdringtonia nodiflora shi ma yana kan Mulanje, a bakin kurmi. Gajere ne, mai gangar jiki da yawa, kuma shi yana tohowa bayan gobara. Shekaru masu yawa ana ɗaukar su jinsi ɗaya, ana cewa wuri ne kawai ya bambanta siffarsu. Sai a 1997 masana biyu daga Afirka ta Kudu, Anton Pauw da Peter Linder, suka tabbatar jinsi biyu ne daban. Wannan ba gardamar malamai ba ce kawai. Muddin ana ganin jinsi ɗaya ne, to itace ne da ke ko'ina daga Malawi har yankin Kef na Afirka ta Kudu, ba abin tayar da hankali. Da aka raba su sai ta bayyana cewa dogon, mai katakon, dutse ɗaya gare shi. Ruɗanin ya shiga har cikin gonaki, domin an tara irin biyun a gauraye an dasa.

Sai maganar zarto. Katakon sida mara nauyi ne, mai sauƙin sassaƙa, launinsa tsakanin rawaya da ja, man da ke cikinsa na korar gara da ruɓa, ƙamshinsa kuma ba ya gushewa ko bayan shekaru. Tun ƙarshen ƙarni na 19 gwamnatin mulkin mallaka ta fara yanka shi don gine-ginenta. Da shi aka riƙa yin rufi da ƙofofi da kujeru, da jiragen kamun kifi na tafkin Malawi, da 'yan akwatunan sassaƙa da ake sayar wa masu yawon buɗe ido. Mota ba ta hawa inda yake, don haka a can sama ake kayar da itacen, a ɗora gungumen a kan dandamali, mutum ɗaya a sama ɗaya a ƙasa su yi ta jan dogon zarto har ya zama falanki. Daga nan 'yan dako su ɗauko a ka, su gangaro da shi ta hanyar duwatsu mai santsi, tafiyar sa'o'i, da yawansu ba takalmi.

Da hukuma ta ga abin na neman wuce gona da iri, sai ta kafa ƙa'idar da duk mai hankali zai yaba a takarda: ba a taɓa ɗanyen itace, lasisi na matattu ne kaɗai. Tun da katakon ba ya ruɓewa, mataccen sida kan yi shekaru a tsaye da amfaninsa, to me zai hana a ci moriyarsa a bar masu rai? A ganina wannan ƙa'ida tana cikin abubuwan da suka fi yi wa itacen illa. Ta mayar da mataccen itace kuɗi, ta bar mai rai ba shi da daraja a wurin kowa sai ya mutu. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Sai aka shiga zagaye gindin itatuwa ana sassaƙe ɓawon, ko a cinna musu wuta, a bar su su bushe a tsaye, baɗi a zo da takarda a yanka bisa doka. Wutar da aka kunna don kashe babba ɗaya kuwa ba ta tsayawa a kansa, takan share duk 'ya'yan da ke kewaye.

Alƙaluma sun nuna saurin abin. A 1989 an kiyasta kurmin sida ya rufe hekta 1,462. Binciken da Julian Bayliss da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya samu hekta 845 kawai, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na itatuwan da ke tsaye a ciki matattu ne. Daga wannan shekara aka daina ba da lasisi, duk wani yanka ya zama haramun. Amma a shekaru goman da suka biyo bayan haramcin ne aka share ragowar. Ma'aikatan daji kaɗan ne, albashinsu bai taka kara ya karya ba, tarar da kotu ke ci ba ta kai kuɗin 'yan falankai ba, cin hanci kuma ya buɗe shingayen hanya. Ƙarancin katakon ya ƙara masa tsada, tsadar ta ƙara masu hawa.

Ba na jin daɗin yadda wasu ke ɗora laifin kacokan kan talakan da ke gindin dutsen. Gundumar Mulanje na cikin wurare mafi cunkoso a Malawi, ƙasa mai kyau da yawa tana hannun kamfanonin shayi, magidanci na da ɗan fegin da bai isa ya ciyar da gida ba. Wanda ya ɗauko falanki a ka ya sauko da shi daga mita dubu biyu, ladan yini ya samu. Ribar tana wurin dillali da mai mota da mai ginin da ke birni. Duk dokar da ta tsaya kan kama ɗan dako ta bar mai saye, ɗan dako kawai za ta sauya.

Wasu masifu biyu sun zo daga waje. A 1986 aka fara ganin wani ƙwaro mai tsotson ruwan itace a Malawi, ɗan dangin darɓar da manoman dawa da wake suka sani, wanda ya addabi dangin sida a gabashi da kudancin Afirka; yakan busar da rassa, itacen da ya raunana kuma ya zama abincin wuta. An shigo da wani ɗan mitsitsin zanzaro da ke yi masa ƙwai a jiki a shekarun 1990, abin ya lafa. Na biyun fayin ɗin Meziko ne, Pinus patula, da aka dasa a kan dutsen don katako. Ya tsere daga gonakinsa, kuma da yake shi ma mai son fili ne bayan gobara, ya fi sida saurin girma, sai ya riƙa riga shi kame wuri. An kashe kuɗi da shekaru ana tumɓuke shi.

Ta fuskar takardu kuwa itacen bai rasa gata ba. UNESCO ta sa dutsen cikin wuraren adana halittu na duniya a 2000. Ƙungiyar IUCN mai kula da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta ajiye shi a matakin haɗari mafi tsanani, wanda daga shi sai a ce babu shi a daji. A 2019, a taron Janiba, aka sa shi a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin halittu tsakanin ƙasashe, shekara guda bayan manyan sun ƙare, ga shi kuma yawancin katakon a cikin gida ake cinye shi, inda yarjejeniyar ba ta da hurumi. A Yulin 2025 aka ayyana Mulanje cikin wuraren tarihi na duniya, saboda matsayinsa a al'adun Yao da Mang'anja da Lhomwe. Wannan jerin ya yi mini kama da labarin madobiyarmu. Sai da aka yi shekaru ana lodin gungumenta daga Taraba da Adamawa da Kogi zuwa tashar Legas, daga can zuwa Sin, kafin shigarta rukuni na biyu ta fara aiki a farkon 2017, a dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. Kafin takarda ta iso manyan sun riga sun tafi. Sa'ar da madobiya ta ci ita ce ta bazu a ƙasashe da dama, tana kuma tohowa daga kututture.

Abin da ya hana a rufe littafin sida shi ne gonakin da aka dasa tun zamanin Turawa a tudun Zomba, da wasu a tudun Viphya na arewa. Daga can ake samo iri yanzu, bayan an tantance na gaskiya daga na ɗan'uwan. Daga 2016 asusun Darwin na gwamnatin Birtaniya ya ɗauki nauyin wani shiri da ya haɗa ƙungiyar lambunan tsirrai ta duniya, BGCI, da amintattun kula da dutsen Mulanje da cibiyar binciken gandun daji ta Malawi. An kafa gandun renon dashe guda goma a ƙauyukan gindin dutsen, mutanen gari ke renon ana sayen dashen a hannunsu, an kuma dasa sama da 500,000 a kan dutsen. Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne karo na farko ke nan da ɗanyen sida ya zama abin da ke kawo wa mutumin ƙauye kuɗi.

Sai dai kada rabin miliyan ta ruɗe mu. Dashe ba kurmi ba ne. Da yawa sun mutu a shekarun farko, wasu saboda rani, wasu saboda jaura, wasu wuta ta cinye, domin an dasa su a fili tsirara inda babu sarƙaƙƙiyar da ke yi musu garkuwa a da. Wannan ya sa aka koma gwajin dasa su tare da tsirran da suka saba tasowa da su. Waɗanda suka rayu kuma sai an share musu layukan tare wuta kowane rani, shekara bayan shekara, har tsawon rayuwar mutum guda, alhali kuɗin masu ba da tallafi na shekara uku ne ko huɗu. Akwai kuma asarar da ba a gani da ido: dashen duk jikokin 'yan itatuwan da aka ɗebi irinsu ne tun da daɗewa, don haka bambancin gado da ke taimakon jinsi ya jure sabuwar cuta ko sauyin yanayi ya ragu. Guguwar Freddy ta Maris 2023, wadda ta kashe mutum sama da dubu a Malawi, ta zubo da laka da duwatsu daga gangaren Mulanje kan ƙauyuka, ta tuna wa kowa cewa maganar itatuwan dutsen maganar rayukan da ke ƙasansa ce. Ga kuma masu sha'awar haƙar ma'adinin bauxite da ke kwance a tudun Lichenya, a tsakiyar mazaunin itacen.

Dalilin da ya sa na ga ya dace a yi wannan bayani da Hausa shi ne mu ma muna da namu konifar ta tsauni, kuma kaɗan ne cikinmu suka taɓa jin labarinta. A kurmin da ke gangaren Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419, cikin gandun dajin ƙasa na Gashaka Gumti a jihar Taraba, akwai itacen Podocarpus. Yana nan kuma a tsaunukan Kamaru da ke maƙwabtaka, musamman dutsen Oku. Jinsin nasa, da ake kira milanjianus, daga Mulanje aka fara bayyana shi, Rendle ɗin nan ne kuma ya yi, daga samfurin Whyte. Wani ma'aikacin daji, Jim Chapman, ya yi aiki a wuraren biyu: ya yi shekaru yana nazarin sidar Mulanje, shi ne kuma ya bi kurmin tsaunukan Taraba da Adamawa da ƙafa a shekarun 1970 yana rubuta abin da ke ciki. 'Yarsa, Farfesa Hazel Chapman, ita ta kafa tashar binciken kurmin tsauni da ke Ngel Nyaki a Mambila.

Namu bai yi kama da fayin ba ko kaɗan. Ganyensa dogo ne siriri mai sheƙi, irinsa kuma na zaune a kan wani ɗan tsoka mai ja da tsuntsaye ke ci su yaɗa. A lissafin duniya ba ya cikin haɗari, domin yana da yawa a tsaunukan gabashi da tsakiyar Afirka. Amma wannan lissafi bai kamata ya kwantar mana da hankali ba, don rabonmu 'yan tsirarun kurmi ne a kwaruruka, ciyawa ta kewaye su, kuma kowane rani ana ƙona ciyawar don shanu su samu sabon toho. Shi Podocarpus ba ya cin moriyar wuta ko ta ƙarni ɗaya. A inuwa 'ya'yansa ke tashi. Duk gobarar da ta lashi bakin kurmi ta rage shi, shanu su shiga su tattake 'ya'yan da suka rage. Makiyayin da ke ƙona ciyawa yana da hujjarsa, kuma ba za a kare kurmin ba tare da an zauna da shi da arɗonsa an shata inda wuta za ta tsaya ba.

Na san halin da ake ciki. Tun sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris 2021 kowa ya ga yadda rashin tsaro ya mayar da aikin daji kasada, gandun Kamuku ma ya daɗe ba ya shiguwa yadda ya kamata. Amma muna da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya da rassanta a Afaka da Samaru, muna da masana tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello da jami'o'in Taraba da Gombe. Aikin da Malawi ta yi a makare, wato ƙidayar iyaye da tara iri daga itatuwa masu yawa mabambanta, mu za mu iya yin sa tun iyayen na tsaye. Abu biyu ne mai wannan aiki zai kiyaye. Podocarpus namiji daban mace daban, don haka kurmin da ke da itatuwa ashirin yana iya zama mata uku ne kawai ke ba da iri a ciki, sai an bi an tantance. Irinsa kuma ba ya jure bushewa, ba a ajiye shi a kwalba a kawo Zariya a jira baɗi. Dole gandun renon ya kasance a can kan tudu, kusa da kurmin, a hannun mutanen da ke zaune a wurin, ana biyansu.